Bidiyon Dabbobi Na Na'ura Da Haƙƙin Da Ke Kan Masu Yinsa

Jawabin wayar da kan jama'a da aka gabatar a birnin Bauchi



Abin da ya tara mu a yau shi ne wata sabuwar sana'a da ta shigo hannun matasanmu ta cikin wayar hannu, watau haɗa gajeren bidiyo mai nuna duniya kamar yadda dabba take ganinta. Mai kallo zai ji kamar shi ne giwar da ke ratsa daji, ko shahon da ke shawagi a bisa gari, ko akuyar da ke kutsawa tsakanin rumfunan kasuwa, wani lokaci ma har dabbar ta buɗe baki ta yi magana da Hausa. Masu yin irin wannan bidiyo ba sa zuwa daji, ba sa kuma ɗaukar kyamara. Na'ura mai aiki da ƙirƙirarriyar basira ita ke zana shi daga 'yan kalmomin da aka rubuta mata, sa'an nan a sa shi a Facebook ko TikTok ko YouTube, ko a rarraba shi ta WhatsApp.

Ya dace a yi wannan magana a Bauchi, domin a jihar nan ne gandun dajin Yankari yake, kuma duk abin da aka nuna wa duniya game da namun dajin Nijeriya, gaskiya ko ƙarya, a kan Yankari yake fara sauka. Babu laifi a cikin sana'ar kanta, kuma matashin da ya iya ta yana iya cin abinci da ita, ya kuma ilmantar da jama'a. Amma akwai sharuɗɗa biyu da tilas ne a kiyaye. Na farko, wanda ya haɗa bidiyon ya faɗa wa jama'a a fili cewa na'ura ce ta yi shi. Na biyu, kada ya yi wa dabbar ƙarya, kada kuma ya yi wa wurin zamanta ƙarya.

Dabba mai magana ba baƙuwa ba ce a wurinmu

Kamar yadda kowa ya sani, Bahaushe ya daɗe yana sa magana a bakin dabbobi. Da dare a tsakar gida muka san Gizo da matarsa Ƙoƙi, muka san zarin kura, da wayon dila malamin daji, da sarautar zaki manyan dawa. Da aka zo zamanin rubutun boko, marigayi Alhaji Abubakar Imam ya ɗora yawancin labaran littafinsa Magana Jari Ce a bakin aku, kuma yaran makaranta sun yi shekara da shekaru suna karanta shi ba tare da wani ya ruɗe ba.

Dalilin da ya sa ba a ruɗewa shi ne tatsuniya tana da ƙofar shiga da ta fita. Mai ba da ita takan fara da cewa, ga ta nan ga ta nanku, masu sauraro su amsa, ta zo mu ji ta. Idan ta gama sai ta ce ƙurunƙus, ta kuma jingina ƙaryar da ta shirya a wuyan Gizo. Ko yaro ɗan shekara biyar ya san cewa abin da ke tsakanin waɗannan ƙofofi biyu shiri ne don nishaɗi da koyar da hali. Matsalar bidiyon na'ura ita ce yana shigowa wayar mutum ba sallama, da kama irin ta hoton gaskiya, a tsakanin labarin rasuwa da na farashin hatsi. Iyayenmu sun ce gani ya kori ji. Wannan karin magana an yi shi ne a zamanin da ido ba ya ganin abin da bai auku ba. Yau kuwa ana iya nuna wa ido abin da bai taɓa faruwa ba, saboda haka ya zama wajibi mai wannan sana'a ya mayar wa tatsuniyarsa ƙofofinta.

Yadda na'urar take aiki

Ya kamata mu fahimci abin da ke faruwa a cikin na'urar, domin wanda ya san yadda ake saƙa ba a cika cutarsa a kasuwar zane ba. Kamfanonin da suka ƙera waɗannan manhajoji sun tara miliyoyin hotuna da bidiyo tare da bayanin abin da ke cikinsu, suka horar da manyan kwamfutoci a kansu, har kwamfutar ta saba da cewa kalma kaza tana tafiya da siffa kaza. Idan ka rubuta mata umurni, sai ta fara da hoto mai dishi-dishi kamar talabijin da ba ta kama tasha ba, ta yi ta gyara shi mataki-mataki har ya yi kama da abin da ka nema. Ba ta taɓa ganin giwa ba, ba ta kuma san mene ne giwa ba. Kintace take yi daga abin da aka nuna mata.

Ci gaban abin yana da sauri ƙwarai. Kamfanin OpenAI na Amurka ya buɗe wa jama'a manhajarsa Sora a watan Disamba na 2024. A watan Mayu na 2025 kamfanin Google ya fito da Veo 3, wadda ke haɗa bidiyo na kimanin daƙiƙa 8 tare da sautinsa, har da muryar mai magana. A watan Yuli na 2025 aka sa wani bidiyo a TikTok mai nuna zomaye suna tsalle da dare a kan abin wasan yara a bayan wani gida, kamar kyamarar tsaro ce ta ɗauke su. An kalle shi fiye da sau miliyan 200, kuma mutane masu yawa, har da masu ilmi, suka gaskata shi, alhali in an duba da kyau akwai zomo ɗaya da ya ɓace ɓat yana cikin tsalle.

Sai dai a lura da wani abu da ya shafe mu kai tsaye. Yawancin hotunan namun dajin Afirka da ke yawo a duniya an ɗauke su ne a gabashi da kudancin nahiyar, kamar Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu. Saboda haka idan ka ce wa na'ura ta nuna maka dajin Yankari, tana iya kawo maka fili fetal da garken jakunan dawa da dutse mai ƙanƙara a ka. Tana iya ba ka giwar Indiya mai ƙananan kunnuwa a maimakon tamu mai kunnuwa kamar faifai, ko ta sako maka damisar Asiya mai ratsi-ratsi, wadda ba ta zama a dajin Afirka ko kaɗan.

Abin da muke da shi a Yankari

An keɓe dajin Yankari a shekarar 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a watan Disamba na 1962. Gwamnatin Tarayya ta karɓe shi a 1991 ya shiga cikin gandayen ƙasa, sa'an nan aka mayar da shi hannun Gwamnatin Jihar Bauchi a 2006. Faɗinsa murabba'in kilomita 2,244 ne, yana cikin ƙasar Alƙaleri, tafiyar sama da kilomita 100 daga wannan birni. Kogin Gaji ya ratsa shi, kuma a bakinsa ne dabbobi ke taruwa idan rani ya tsananta. A cikinsa akwai maɓuɓɓugar Wikki, wadda ɗumin ruwanta yake tsaye a kan digiri 31, rani da damina. Akwai ɓauna da gwanki da kanki da gwambaza da mazo, akwai dorina da kada da gadu da birai irin bika, akwai kuma tsuntsaye iri-iri. Raƙumin dawa da jakin dawa kuwa, wanda yake son ganinsu a jihar nan sai ya nufi gandun Sumu a ƙasar Ganjuwa, inda aka kai dabbobin da ƙasar Namibiya ta bayar a 2006.

Dukiyar da ta fi kowace daraja a Yankari ita ce giwa. A ƙidayar 2006 an sami kimanin 350. Ƙiyasin shekarun baya-bayan nan ya sa su tsakanin 100 da 150, kuma duk da haka suna cikin garkuna mafi girma da suka rage a ƙasar nan. Lokacin da aka ƙaddamar da shirin ƙasa na kare giwaye a 2024, an bayyana cewa giwayen Nijeriya baki ɗaya sun ragu daga kimanin 1,500 zuwa tsakanin 300 da 400 a cikin shekara 30. Giwa takan ɗauki ciki wata 22 kafin ta haifi ɗa guda, don haka garken da ya ragu ba ya farfaɗowa da wuri. Zaki ma ba a san ya rage a dajin Nijeriya ba sai 'yan kaɗan a Yankari da gandun Kainji. Tun 2014 Ƙungiyar Kare Namun Daji ta WCS take aiki da gwamnatin jiha bisa yarjejeniya wajen sintiri, da sa wa wasu giwaye na'urar bin sawu a wuya, da ɗaukar mutanen ƙauyukan gefen daji su riƙa faɗakar da manoma idan giwaye sun doso gonaki.

Illolin bidiyon ƙarya

Wani zai ce, mene ne laifin ɗan wasa da hoton dabba? Amsa ita ce, tun kafin zuwan wannan na'ura mun ga yadda labarin dabba yake gudu a ƙasar nan. A watan Yuni na 2019 labari ya bazu har ƙasashen waje cewa wani ƙaton biri irin gorila ya haɗiye naira miliyan 6.8 a gidan namun daji na Kano, sai daga baya gwamnan jihar na lokacin, Dokta Abdullahi Umar Ganduje, ya bayyana cewa babu ma irin wannan biri a gidan. Wancan magana ce kawai ta fatar baki. To, ina ga an haɗa ta da bidiyo?

Illa ta farko ita ce firgita jama'a. A ce wani ya haɗa bidiyon zaki yana ratsa Kasuwar Wunti ko yana zagaya wata makarantar firamare, ya sake shi da safe. Kafin a tantance, iyaye sun kwashe 'ya'yansu, 'yan kasuwa sun rufe rumfuna, wani ma ya ji rauni a turmutsutsu.

Ta biyu ita ce hura wutar gaba tsakanin manoma da giwaye. Gaskiya ne giwaye sukan shiga gonakin da ke maƙwabtaka da Yankari su yi ɓarna, kuma manomin da aka cinye masa amfanin shekara yana da haƙƙin a saurare shi. Bidiyon ƙarya mai nuna giwa tana tattake mutum ko tana rushe gidaje yana iya sa mutanen da ransu ya riga ya ɓaci su ɗauki makami. A garken da bai wuce 150 ba, giwa ɗaya babbar hasara ce.

Ta uku ita ce koya wa yara rashin tsoron abin da ya kamata a ji tsoronsa. Ana yawan haɗa bidiyon jariri yana wasa da zaki, ko kura tana lasar hannun mai gida. Yaron da ya girma yana kallon haka, ran da aka kai shi Wikki zai miƙa wa bika hannu, ko ya matsa kusa da dorina, wadda tana cikin dabbobi mafi haɗari a Afirka. Masu bincike na Jami'ar Kordoba ta ƙasar Sifen sun yi gargaɗi a 2025 cewa irin wannan bidiyo yana gurɓata abin da jama'a, musamman yara, suka sani game da namun daji, yana sa a zaci dabbar da ta kusa ƙarewa tana nan da yawa, yana kuma ƙara sha'awar ajiye dabbar daji a gida.

Ta huɗu, wadda ba a cika lura da ita ba, ita ce ƙarya tana zubar da darajar gaskiya. Idan bidiyon na'ura ya cika gari, ranar da manomi ya ɗauki hoton ɓarnar da aka yi masa da gaske, ko ma'aikacin gandu ya ɗauki hoton mafarauta, sai a ce ai wannan ma na'ura ce.

Yadda za a yi aikin da kyau

Ya ku matasa, ga shawarwarin da za su sa aikinku ya yi inganci, ya kuma fi na takwarorinku na waje, domin kuna da abin da ba su da shi, watau sanin ƙasar.

Da farko ku san dabbar kafin ku sa mai kallo a cikin idonta. Giwa ba ta da ƙarfin gani sosai, da hanci da kunne take sanin duniya, tana kuma kiran 'yan'uwanta daga nesa da wata ƙara mai zurfi wadda kunnen mutum ba ya ji. Tsohuwar giwa mace ce ke jagorantar garke. Akuya tana da ƙwayar ido a kwance, tana ganin kusan duk abin da ke kewaye da ita ba tare da ta juya kai ba. Kare da saniya ba sa bambance ja da kore kamar yadda muke yi. Hawainiya tana juya kowane ido shi kaɗai. Wanda ya gina bidiyonsa a kan waɗannan abubuwa ya ba mai kallo ilmi tare da nishaɗi. Ku tambayi makiyaya da tsofaffin maharba da ma'aikatan gandu da malaman kimiyyar halittu na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa. Ku kalli kuma hotunan gaskiya, domin tun ƙarshen shekarun 1980 masana suke ɗaura wa dabbobi 'yar ƙaramar kyamara, kamar wadda ake kira Crittercam da ƙungiyar National Geographic ta yi aiki da ita. Wannan aikin masana ne masu izini. Kada wani ya kama dabbar daji ko ya wahalar da ta gida don ya ɗaura mata waya.

Na biyu, ku rubuta umurni dalla-dalla. Ku faɗi tsayin idon dabbar daga ƙasa, da lokacin shekara, da lokacin yini. Ku ambaci gamba busasshiya, da itatuwa irin su marke da kawo da taura da madobiya, da hazon hunturu. Ya fi kyau ku ba na'urar hoton wurin da kuka ɗauka da kanku ta yi aiki a kansa. Idan ta kawo abin da babu shi a wurin, ku jefar ku sake.

Na uku, ku yi muryar da kanku. Hausa harshe ne mai karin sauti da tsawon wasali, kuma na'ura takan yi tuntuɓe a kansu. Muryar ɗan Bauchi da karin maganarsa jari ne da ba a saye.

Na huɗu, ku tsare bakin dabbar. Habaici a bakin akuya habaici ne dai. Kada a sa dabba ta zagi wata ƙabila ko wani addini, kada a kwaikwayi murya ko fuskar wani mutum ba da yardarsa ba, kada kuma a ɗauki waƙa ko hoton wani ba izini, domin Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 tana kare su.

Na biyar, kuma mafi muhimmanci, ku sa alama. Ku rubuta da Hausa a jikin bidiyon kansa, daga farko har ƙarshe, cewa na'ura ce ta haɗa shi. Rubutun da aka yi a ƙarƙashin bidiyo yakan faɗi a hanya idan aka tura shi ta WhatsApp. Ku kuma faɗa da baki saboda waɗanda ba sa karatu.

Doka da ƙa'idojin kafofin

Kamfanonin kansu sun kafa ƙa'ida. TikTok tun 2023, YouTube kuma tun watan Maris na 2024, sun wajabta wa mai sa bidiyon na'ura mai kama da gaskiya ya bayyana haka, kamfanin Meta mai Facebook da Instagram shi ma ya fara liƙa alama a 2024. A watan Yuli na 2025 YouTube ya jaddada cewa ba ya biyan kuɗi a kan bidiyon da ake zubowa barkatai iri ɗaya ba tare da wata fasaha ta mai shi ba. Ke nan mai neman kuɗi ta hanyar algus yana iya wayar gari an rufe masa shafi.

A gida kuma, sashe na 24 na Dokar Laifuffukan Intanet ta 2015, kamar yadda aka gyara ta a 2024, ya hana aika saƙon da mutum ya san ƙarya ne da nufin tada zaune tsaye ko jefa rayuka cikin haɗari, kuma hukuncinsa yana iya kaiwa tarar naira miliyan 7, ko ɗaurin shekara 3, ko duka biyu. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

Ga masu kallo

Ku kuma iyaye da sauran jama'a, idan aka turo muku bidiyon dabba mai ban mamaki, ku dakata kafin ku tura wa wani. Ku duba ƙafafu da inuwa, ku duba ko wani abu ya ɓace ko ya narke cikin wani, ku duba kusurwoyin hoton ko akwai alama. Amma ku sani na'urorin kullum ƙara ƙwarewa suke yi, kuma waɗannan kurakurai suna raguwa. Abin da ba ya tsufa shi ne tambaya: wa ya ɗauka, a ina, yaushe, kuma a ina ya tsaya har dabbar ba ta taɓa shi ba? Idan labarin fitowar dabba ne a gari, a tambayi mai unguwa ko 'yan sanda ko ma'aikatan gandun daji, a kuma saurari gidan rediyo. Malaman makaranta su riƙa nuna wa ɗalibai bidiyon gaskiya da na na'ura su gwada bambancewa, kuma makarantar da ta sami hali ta kai yara Yankari ko Sumu su gani da idonsu.

Daga ƙarshe, jama'a, zamani riga ne, kowa da irin tasa, kuma wannan ita ce rigar da ta zo wa matasanmu. Muna fata su sa ta da mutunci, su nuna wa duniya giwar Yankari da dajinta kamar yadda Allah ya yi su, kuma duk lokacin da suka shirya tatsuniya su faɗa cewa tatsuniya ce. Allah ya kare mana dazuzzukanmu, ya albarkaci sana'ar 'ya'yanmu, ya ba ƙasarmu Nijeriya zaman lafiya.